Sharhi: Bene ko ƙarin ɗaki? Zaɓin da ke gaban magidanta a Maska da Funtuwa

Da zarar an kammala girbin masara da waken suya, sai tulin yashi da bulo ya fara bayyana a ƙofar gidaje daga Maska zuwa Funtuwa. Kaka ce lokacin aure, kuma ɗan da zai yi aure yana buƙatar sashensa. A da magidanci kan ja katanga ya ƙara ɗaki ba tare da dogon tunani ba. Yau fili ya yi tsada, musamman a Funtuwa, inda iyalan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka ƙara yawan masu neman muhalli, ga kuma tashar tsandauri da aka ƙaddamar a 2024 tana jawo 'yan kasuwa. Wannan ya sa mutane da dama suka fara tunanin ɗora bene a kan ginin da suke da shi.

Hujjar masu son bene a bayyane take. Tsakar gida a wannan yanki wurin aiki ne: nan ake shanya hatsi, nan ake girki, nan ake ɗaure dabbobi, nan mata da yara ke shan iska a lokacin bazara. Duk ɗakin da aka ƙara a ƙasa, daga wannan fili ake yankarsa, kuma idan aka toshe hanyar ruwa, daminar watan Agusta ba ta yafiya. Bene kuwa yana ninka ɗakuna ba tare da an taɓa ko taku ɗaya na fili ba.

Sai dai harsashin ginin ne ke da ta cewa, ba sha'awar maigida ba. Akasarin gidajen da ake da su, na ƙasa da na bulo, an yi su ne domin ɗaukar rufin kwano ko azara, babu ginshiƙan rodi da za su ɗauki zuben kankare. Ɗora musu bene na nufin tono harsashi, kafa ginshiƙai, cire rufi, da kwashe iyali na tsawon watanni. Aiki ne mai cin siminti da rodi, ga shi a watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge. Idan kuɗi suka gaza, abin da ake ragewa shi ne rodi da siminti, wato ainihin abin da ke riƙe ginin. Rushewar bene a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022, da na makarantar Saint Academy a Jos a watan Yulin 2024 inda mutum 22 suka rasu, sun isa darasi. Ɗakin ƙasa kuwa ana iya yin sa sannu a hankali, bana a ɗaga bango, baɗi a yi rufi, kamar yadda kuɗin manomi da albashin ma'aikaci ke shigowa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Tagar bene da ke kallon tsakar gidan wani tana keta sutura, kuma malaman Malikiyya sun daɗe da hana ta. Ibnur Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa na dokokin gini. Wanda zai yi bene a cikin tsohuwar unguwa dole ya ɗaga tagoginsa sama da tsayin mutum, ko ya juya su zuwa titi.

Batun gado ya shafi hanyoyin biyu. Ɗan da ya kashe dukiyarsa a gidan mahaifi ba tare da rubutu da shaidu ba, yana iya wayar gari ginin ya shiga rabon gado. Ɗakin ƙasa ana iya zagaye shi da katanga a fitar masa da ƙofa, amma raba bene tsakanin magada sau da yawa kan ƙare da sayar da gidan ɗungurungum.

Saboda haka, ga mafi yawan gidajen Maska, inda har yanzu akwai sauran fili, ƙarin ɗaki a ƙasa ya fi aminci da sauƙi, matuƙar an bar hanyar ruwa da ta iska. Bene ya dace da mai ƙaramin fuloti a cikin Funtuwa, da sharaɗin injiniya mai rajista ya duba harsashin, kuma Hukumar Tsara Birane ta Jihar Katsina ta amince da zanen. Abin da ya rage ga gwamnati shi ne ta sauƙaƙa wannan dubawa ta yadda talaka ba zai guje ta ba, ta kuma fitar da sababbin fulotai masu tituna da magudanan ruwa, kafin matsin gari ya cinye gonakin da ke ciyar da shi.