Likitan Talabijin Da Agwagin Da Suka Ɓace

Yau zancen talabijin za mu yi, amma kada ku yi saurin juya shafi, domin a tsakar gidanmu zancen zai sauka.

Akwai wani wasan kwaikwayo na Amurka mai suna House, wanda aka yi ta nunawa daga 2004 zuwa 2012. Labarin wani likita ne mai dogara sanda, mai baƙar magana, wanda ba a kawo masa majinyaci sai wanda ciwonsa ya gagari sauran likitoci. A wani kashi da aka nuna cikin 2006 an kawo masa wani magidanci, numfashi na sarƙe masa. Aka yi wannan awo, aka yi wancan, ciwo sai gaba yake yi. Likitan ya dage a kan guba ce irin ta ƙarfe. Aka auna jini ana neman dalma da makamantanta, ba a gani ba. Can a ƙarshe sai ta bayyana, ashe matar mutumin ce ke ɗura masa wani magani mai zinariya a ciki, a ɓoye. Ban kawo wannan don wata ta ɗauki darasi ba, Allah ya kiyashe mu.

Abin da ya ja hankalina wata ɗabi'a ce ta wannan likita. In ciwo ya ƙi ganuwa, ba ya tsayawa ga abin da aka faɗa masa a gefen gado. Yakan tura ƙananan likitocinsa gidan majinyaci, su leƙa madafa, su duba ƙarƙashin gado, su buɗe kwalabe, su ga me ake ci, me ake shaƙa. A wasan har ɓalle ƙofa suke yi ba da izini ba, wannan kam rashin ladabi ne. Amma tunanin daidai yake: sau da yawa ciwon da ya ruɗa asibiti, tushensa yana gida.

To, mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum ba sai mun je Amurka neman irin wannan labari ba. A ƙofarmu aka yi shi, kuma ba wasa ba ne.

A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya yi laushi, sai jijjiga, sai suma, kwana kaɗan a kai shi makwanci. Lokacin zafi ne, saboda haka kowa ya ce sanƙarau. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, da suka ci karo da abin cikin watan Maris, su ma sanƙarau suka fito nema. Aka ba da maganin sanƙarau, aka ba da na zazzaɓin cizon sauro, yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka ɗebi jini aka aika ɗakin awo a Jamus, sannan amsa ta zo: gubar dalma.

Daga ina? Daga duwatsun zinariya. Farashin zinariya ya tashi a duniya a waɗannan shekaru, maza suka shiga ramuka, suna kawo duwatsu cikin buhuna har gida. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ana farfasa su a tsakar gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a inda ake shanya gero. Ƙura ta sauka a ƙasan da jariri ke rarrafe, ta sauka a kwano da randa. Yaro kuwa kun san shi, hannu ƙasa, hannu baki. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na iya zuƙe dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Shi ya sa uba ke yawo da ƙafarsa, ɗansa na kwance.

Da masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka zo cikin watan Mayu, sun bi gida gida a Dareta da 'Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, sun tarar 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ku ajiye jaridar ku ƙirga yaran gidanku. Cikin waɗanda aka auna jininsu kuwa, 97 bisa 100 sun kai matsayin da sai an ba su maganin fitar da guba. Jimillar yaran da suka mutu a yankin an ƙiyasta ta da kimanin 400.

Ga inda nake so mu tsaya. Da masu binciken suka zauna da mutanen gari, sai aka ba su labarin cewa tun kafin yara su fara faɗuwa, agwagi suka fara ƙarewa. Wa ke kiwon agwagi? Wa ke watsa musu dusa da safe, wa ke fara lura in ɗaya ba ta dawo ba? Mu ne. Wa ya san ranar da buhun dutse ya fara shigowa gida, da turmin da aka daka shi? Mu ne. Abin da Dakta House ke tura mutum uku su ɓalle ƙofa su gano, uwargida ta riga ta gan shi da idonta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya mata cewa mutuwar agwagwa labari ne da ya kamata likita ya ji.

Ba laifi nake ɗora wa iyayen nan ba, ko kusa. Dalma ba ta da wari, ba ta canja launin tuwo, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Mazan ma abinci suka fita nema. Amma akwai halin da muke da shi wanda ya kamata mu duba. Mace za ta kai ɗanta asibiti, a tambaye ta me ke damunsa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Zazzaɓi ne." Shi ke nan. In ɗan fari ne ma sai ta bar kaka ta yi magana, kakar da ba a ɗakin take kwana ba. Wani lokaci kuma maigida ne zai shiga wurin likita, ita tana waje a kan benci. Kunya ado ce, na yarda, amma a gaban likita ba ta da wurin zama. Ki faɗi sana'ar maigida. Ki faɗi abin da ake dakawa a gidan. Ki faɗi in ɗan maƙwabta ya yi irin wannan ciwo, ki faɗi in kaji ko awaki sun mutu. In ba a tambaye ki ba, ki ce, "Likita, ina da ƙarin bayani." Su ma ma'aikatan asibiti, don Allah a riƙa tambaya, a kuma saurara.

Ko kwallin da muke ranɗa wa jarirai yana cikin abin faɗa. A 2011, a birnin Boston, an sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya. Aka bincike gidan ba a ga komai ba, sai a kwallin da ake sa masa, wanda aka auna aka ga fiye da kashi 80 bisa 100 dalma ce. Wane likita zai yi tunanin tandu in uwa ba ta ambata ba?

Inda wasan talabijin ke yaudararmu shi ne ƙarshensa. Cikin minti arba'in da 'yan kai an gano ciwo, an yi allura, majinyaci ya tashi yana murmushi. Namu bai zo da wannan sauƙi ba. Maganin fitar da dalma ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ƙurar take, don haka sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje a Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka share ta, bayan dogon jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya. A 2015 kuma irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. MSF ta yi wa dubban yara magani kafin ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022. Amma ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Mu malamai mu ne ke karɓar irin waɗannan yara a aji, a ce musu daƙiƙai, a kai musu bulala, alhali ba ƙiwa ba ce.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Zinariya tana nan, talauci yana nan, saboda haka buhun dutse zai sake neman hanyar zaure. Uwargida, da lalama da ladabi, ki roƙi maigida a bar dutse can bayan gari. Ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shigo ya ɗauki yaro. Turmin da ya taɓa dutse kada ya sake ganin hatsi. Kada kuma ki dogara da tafasa ruwa, tafasa na kashe ƙwayar cuta ne, ba ta fitar da dalma.

Ku kuma 'yan matan da aka haifa a waɗannan ƙauyuka 'yan shekaru kafin 2010, yanzu kun zama budare, wasunku suna ɗakin miji. Dalma tana ɓuya cikin ƙashi shekara da shekaru, in mace ta sami ciki sai ta koma jini ta isa ga ɗan da ke ciki. Ki tambayi innarki ko an taɓa ba ki maganin dalma kina ƙarama. Ranar da kika je awon ciki, kafin malamar asibiti ta rufe katinki, ki gaya mata sunan ƙauyen da aka haife ki da shekarar.