Ranar 29 Ga Fabrairu Da Ruwan Kogin Haɗeja

Sau ɗaya a shekara huɗu watan Fabrairu yakan yi kwana 29. Dalili kuwa shi ne duniya ba ta gama kewaya rana sai a kwana 365 da kusan sa'a 6, sai a tara sa'o'in nan su zama kwana guda. Masu lissafin dā sun yi kuren minti 11 kawai a kowace shekara, amma da yayyafi kogi kan cika: a 1582 sai da aka zubar da kwana 10 daga Oktoba a wasu ƙasashen Turai domin gyara.

A irin wannan rana, 29 ga Fabrairu 1960, da dare, girgizar ƙasa ta rushe birnin Agadir na Maroko, mutum wajen 12,000 suka halaka. Duniya ta san ranar domin an rubuta ta. Haka mu ma muka riƙe 25 ga Afrilu 1906, ranar da Turawa suka faɗa wa Haɗeja, Sarki Muhammadu ya rasu yana kāre garinsa.

To, mu a ganinmu akwai ranakun da suka cancanci alƙalami kamar waɗannan, watau ranakun zuwan ruwa da janyewarsa. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi na Auyo da Guri da Kirikasamma duk da cikar kogi suke lissafi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, zuwan ruwan ya danganta da buɗe ƙofofinsu, ba da damina kaɗai ba. Ambaliyar 2020 ta nuna mana abin da talaka ke asara in ruwa ya zo masa ba shiri.

Saboda haka muna roƙon akawuna da malaman makaranta, kowane gari a ajiye littafi guda. A rubuta ranar da ruwa ya iso fadama, da inda ya tsaya, da ranar da ya janye, kamar yadda malaman En'e suka riƙa tsare littafin haraji. In an yi ƙorafi gaban hukuma, takarda mai kwanan wata ta fi "an ce" nauyi. Kafin 29 ga Fabrairu 2028 ta zagayo, lalle ya kamata littattafan nan su soma cika. Allah ya sa mu dace, amin.