Kiwon Lahiya: Awon Hawan Jini a Gida

Hawan jini, wanda ake kira tansiyo, ciwo ne mai shiru. Mutum yana noma, yana kiwo, bai jin kome. Rana guda sai ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, gona ta rasa mai ita. Awo kaɗai ke tona wannan ciwo.

Yau ana saida na'urar awo mai aiki da pil a farmasi. Wadda ake ɗaurawa a damtse ta hi ta wuyan hannu. Amma sai an bi ƙa'ida take faɗin gaskiya. Manomin da ya taso daga gona da goro a baki, in ya auna nan take, lamba za ta hau, hankalinsa ya tashi a banza.

Ga ƙa'idar:

1. Minti 30 kahin awo, ba goro, ba shayi, ba kafe, ba taba, ba aikin ƙarhi. A yi hitsari tukuna.

2. A zauna bisa kujera, a jingina baya da bango, a huta minti 5. Ƙafafu su taka ƙasa, kada a harɗe su.

3. A hidda hannu daga riga. A ɗaura ɗamarar a damtse, yatsa 2 sama da gwiwar hannu.

4. A aza hannun bisa tebur ko wani abu mai tsawo, damtse ya daidaita da zuciya.

5. A yi shiru. Ko gaisuwa ta jira.

Ana awo sau 3 da sahe kahin kalaci da shan magani, sau 3 da dare kahin kwana, kwana 3 a jere. A bar minti 1 ko 2 tsakanin awo da awo.

Na'urar tana nuna lamba babba da ƙarama, kamar 140 da 90. Ma'aikatan lahiya kan taƙaita su ce 14 da 9. Duk ɗaya ne. A gida, in lambobi suna yawan kai 135 ko 85, a kai su ga likita. In sun kai 180 ko 110, ga ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, a tahi asibiti yanzu-yanzu. Mace mai ciki da ta ga 140 ko 90 kada ta kwana ba ta je ba.

Mai shan magani kada ya bari don lamba ta sauka. Maganin ne ya saukar da ita. Likita kaɗai ke canza shi.

Na'ura guda ta isa gida guda, har da maƙwabta. Wanda ya koyi rubutu ya samu kaye, ya rubuta ma tsohinsa rana da lambobi. Wannan kaye shi ne za ya yi magana a gaban likita.