Gawayin zamani muna so, amma a bar mana karan gona



Kwanakin nan zancen gawayin zamani ya cika gari. Wasu masu foroje na yawo suna cewa wai a kwashe karan hatsin da ke zube cikin gonaki a maida shi gawayi, tunda ai shara ce. To mu dai mun ce a'a. Wanda ya kira kara shara bai taɓa kiwon ko akuya guda ba.

Ku tambayi manomin Tasawa ko na Mirya. Karan dawa shi ne abincin bisashe in rani ya tsananta. Karan gero da shi ake darni da rumbu. Wanda aka bari kwance a gona shi ke tare ƙasa kada iska ta kwashe ta, gara ta ci shi ya koma taki. In aka ƙone wannan, da mi gona za ta rayu? An ceci itace, an kashe ƙasa, ina riba?

Kada a ce muna ƙin gawayin ne. Wallahi muna son shi. Dajin Baban Rafi ya gaji da ciyar da murhunan Maraɗi. Itacen Yamai daga wajejen Say da Torodi yake zuwa, kowa kuma ya san halin da hanyoyin nan ke ciki. Gaz ba kowane gida ke iya cika shi duk wata ba. Mata na shan hayaƙi, idanu na ruwa, yara na tari.

Sharar gaskiya tana nan jibge. Ɓawon gyaɗa a Madarunfa da Matamaye da Magarya. Ɓuntun shinkafa a Gaya da Kollo da Tilaberi. Ƙoƙon goriba a Gulbin Kaba. Garin katako wajen kafintoci, da garin gawayin da ke zuba ƙasa wajen masu saidawa. Aikin kuma ba sihiri ba ne: a turara su cikin tano mai ƴan ƙofofi har su yi baƙi ba tare da sun zama toka ba, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da kokon rogo ko ƙaro, a matse, a shanya su bushe ƙarau. In laka ta yi yawa ciki, toka za ka samu, tuwo ba ya nuna, kuma uwargida ba ta sake saye.

Saboda haka muna kira ga magadan gari: ku ba ƙungiyoyin mata da samari fili kusa da injinan ɓarza da kasuwanni, inda sharar take. Masu foroje, ku rage taron otal da ɗaukar hoto, ku kawo abin matsewa irin wanda maƙerinmu zai iya gyarawa in ya lalace. Kuma a saida shi ƙasa da kuɗin itace, in ba haka ba ba mai kallon shi.

Manoman Maraɗi da Damagaram, da sassaben zamani, sun maido da itatuwa miliyoyi cikin gonakinsu tun shekarun 1980. Sun san ƙasarsu. A tambaye su kafin a taɓa karansu. Dashen ranar 3 ga Agusta kaɗai ba ya isa.

Ku da ke unguwanni, wace shara ce ke tare muku hanya? Ku faɗa mana, mu kai zancen gidan rediyo.