Ɗan Damfarar Telebijin Ba Ya Zuwa Kurkuku

Akwai wani irin mutum wanda duk mai kallon wasan kwaikwayo mai dogon zango yake gane shi tun kafin a ambaci sunansa. Yakan shigo gari da rigar aro da zaƙin baki, ba shi da ko anini a aljihu, amma kafin wata ya mutu ya san gidan da dukiya take, ya san 'yar gidan, ya kuma san asirin da maigidan yake ɓoyewa. Wannan shi ne ɗan damfara. Da a Sabon Badun ko Agege aka kama irinsa, da wuya ya sake kwana a unguwar. Amma a cikin akwatin telebijin sai ya shekara 20 yana cin karensa ba babbaka, daga bisani ma a ɗaura masa aure, 'yan kallo suna taya shi murna. Ya kamata mai karatu ya san inda wannan gata ya samo asali, domin akwai darasi a ciki ga duk wanda yake neman abinci a baƙon wuri.

Asalin irin wannan wasa ƙasar Amurka ne, kuma a rediyo ya soma. A shekarar 1930 wata mata mai suna Irna Phillips ta fara rubuta wani ɗan gajeren wasa da ake sawa kullum a wani gidan rediyo na birnin Chicago. Da rana ake sa irin waɗannan wasanni, lokacin da maza suka tafi wurin aiki, mata suna gida. Kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble su ne suke biyan kuɗin shirin domin a tallata kayansu, shi ya sa mutanen can suka laƙaba musu suna wasan sabulu. Ɗaya daga cikinsu, watau Guiding Light, ya fara a rediyo a 1937, ya koma telebijin a 1952, bai tsaya ba sai a 2009. Shekara 72 ke nan ana ba da labari ɗaya.

To, a nan gizo yake saƙar. Wasan da ake nunawa kwana 5 a mako, shekara da shekaru, ba a shirya shi don ya ƙare ba. Abin da mai shirin yake sayarwa ga kamfanin sabulu shi ne yawan 'yan kallo, kuma ɗan kallo ba ya dawowa gobe sai an bar shi yau da fargaba. Mutumin kirki kuwa ba ya ta da fargaba, gama ya tashi ya tafi aiki ya dawo, ba abin da za a faɗa a kansa. Mazambaci shi ne mai ɓoye takardar gado, mai shiga tsakanin miji da mata, mai auren 'yar attajiri don dukiyar ubanta. Saboda haka shi ne jarin shirin. Idan aka ɗaure shi labari ya mutu, idan labari ya mutu talla ta tsaya. Da zarar an lura 'yan kallo sun soma sonsa, sai marubuta su shiga wanke shi da kaɗan kaɗan.

Ga misali. A cikin wasan All My Children, wanda Agnes Nixon ta ƙirƙiro, aka kuma nuna a tashar ABC daga 1970 zuwa 2011, akwai wani saurayi Tad Martin, wanda Michael E. Knight ya soma fitowa a matsayinsa a 1982. Yaro ne da ubansa ya yasar, wani likita da matarsa suka ɗauka suka rena. Da ya girma sai ya zama mayaudari na ƙarshe. Ya nemi wata budurwa alhali yana lalata da uwarta a ɓoye, ya kuma karɓi kuɗi daga hannun wata mata domin ya riƙa nuna wa 'yarta soyayyar ƙarya. Amma da yake mai barkwanci ne mai fara'a, jama'a suka so shi. Ba a jima ba aka mayar da shi mai binciken laifuffuka, aka ba shi mata ta gari, ya zama ɗaya daga cikin mutanen da garin wasan yake taƙama da su. Ɗan wasan ma har sau 3 yana samun lambar yabo ta Emmy a kan wannan matsayi.

Na biyun ya fi wannan muni. A wasan General Hospital, wanda aka fara a 1963, an shigo da wani Luke Spencer a 1978 a matsayin yaron wani uban 'yan daba, da niyyar ya yi 'yan makonni a kawar da shi. A 1979 aka nuna ya yi wa wata matar aure mai suna Laura fyaɗe. Maimakon ya gurfana gaban alƙali, sai aka juya labarin ya zama na soyayya. A watan Nuwamba na 1981 aka ɗaura musu aure, mutum wajen miliyan 30 suka kalla, abin da wani wasan rana bai taɓa samu ba a Amurka. Sai a 1998 masu shirin suka dawo suka fuskanci laifin da gaske, suka nuna ɗansu ya ji labari ya juya wa uban baya. Shekara 19 aka yi kafin a kira abin da sunansa.

Abin lura a waɗannan labarai shi ne makomar wanda aka cuta. Mazambaci yana nan kullum a gaban ɗan kallo, ana jin uzurinsa, ana ganin hawayensa, ana tuna wa jama'a wahalar da ya sha yana yaro. Wanda aka kwashe wa dukiya kuwa sau da yawa sai a ce ya bar gari, shi ke nan an shafe babinsa. Ba a nuna shi yana sayar da gidansa don biyan bashi, ba a nuna 'ya'yansa an koro su daga makaranta. Yaron da ya tashi yana kallon haka safe da yamma yana iya ɗauka cewa wayo shi ne hankali, kuma wanda aka damfara shi ya so.

Wani zai ce ai wasa ne, kuma kowace al'umma tana da gwanin wayonta, ga Gizo nan a tatsuniya tun kaka da kakanni bai lalata kowa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai bambanci. Tatsuniyar Gizo a dare ɗaya take ƙarewa, a yi ƙurunƙus, kuma sau da yawa haɗamarsa ce take kai shi ga jin kunya, yara su yi masa dariya su kwanta. Ba wanda ya taɓa naɗa Gizo alƙali. Wani kuma zai ce ai mutum yana tuba, me ya sa za a hana ɗan wasa tuba? Ba a hana ba. Sai dai kowane dattijo ya sani tuban wanda ya ci dukiyar mutane ba ya cika sai ya mayar da haƙƙi ga mai shi. Tuban wasan sabulu kuwa ba ya bukatar a mayar da ko kwabo, hawaye da sabuwar budurwa sun wadatar.

Ba dole ne a bi wannan hanya ba, kuma a ƙasar nan an taɓa nuna haka. Daga 1986 zuwa 1990 gidan telebijin na NTA ya nuna wasan Basi and Company na marigayi Ken Saro-Wiwa. Basi mazaunin Ikko ne, ba ya aiki, ko kuɗin haya ba ya iya biyan uwar ɗakinsa, kullum yana ƙulla dabarar da zai zama miloniya dare ɗaya. Jama'a sun so shi ƙwarai, sun sha dariya, amma marubucin bai bar shi ya ci riba ba. Dabararsa takan wargaje, ya koma ɗakinsa hannu rabbana. Miliyoyin mutane suka kalli wasan, watau ke nan ana iya tara 'yan kallo ba tare da an ɗora wa mazambaci rawani ba.

Wannan batu ya shafi 'yan Arewa mazauna Kudu fiye da yadda ake zato. Cinikin shanu da goro da ya kafa Sabon Badun, ya kuma raya zangunan Ikko da Shagamu da Anacha, a kan amana aka gina shi. Bafatake yakan sauka gidan maigidansa, ya damƙa masa garke, a sayar wa mahauta bashi ba tare da takarda ba, sai dai shaidar dillali da mutuncin maigida. Mai gadi da mai shayi da ɗan acaba sukan tara abin da suka samu su ba ɗan garinsu ajiya, ko su aika gida ta hannun direba. Baƙo ba shi da gona a nan, ba shi da dangin da za su tsaya masa, jarinsa shi ne a ce maganarsa ɗaya ce. Ranar da samarin zango suka soma ganin mai karya alkawari a matsayin gwani, ranar ce wannan jari ya soma zagwanyewa, kuma laifin mutum ɗaya kan shafi unguwa duka a idon masu masauki.

Bugu da ƙari, dokar ƙasa ba ta san barkwanci ba. Sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka, wadda ake aiki da ita a jihohin Kudu, shi ne ya haramta karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara, har lambar ta zama sunan sana'ar. Dokar zamba ta 2006 kuwa ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Waɗanda suka zuba kuɗinsu a MMM, aka rufe musu asusu a watan Disamba na 2016, sun ga yadda labarin mai zaƙin baki yake ƙarewa a zahiri. Babu marubucin da ya zo washegari ya gyara musu labarin.

Ba ana cewa a kashe telebijin ko a ƙwace waya daga hannun iyali ba ne. Wanda ya wuni cikin rana a kasuwar Mile 12 yana da haƙƙin ya huta ya yi dariya. Amma iyaye su riƙa zama tare da yara wajen kallo, in mazambaci ya yi nasara su tambaye su, shin ina wanda ya cuta, me ya ci daren nan? Masu shirya wasannin Hausa masu dogon zango, waɗanda yanzu ake kallo a tauraron ɗan'adam da YouTube, su ma akwai aiki a gabansu, domin matsin da ya sa Amurkawa suka wanke Tad da Luke shi ne yake bin duk wanda yake neman 'yan kallo. Su sa ɗan damfara a wasa in sun so, gama yana nan a duniya, amma su bar wanda aka cuta ya ci gaba da fitowa har a ga an biya shi. Masu iya magana sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wasan da ya nuna akasin haka ya yi wa ɗan kallo ƙarya, kuma ɗan kallon ne zai biya kuɗinta a kasuwa.