Mai haƙo dutse ya san lissafin kuɗinsa

Tun shekara ta 1971 kamfanin SOMAIR yake fitar da ƙarfen uraniyom a Arlit. A 1978 COMINAK ya bi sahu a Akokan. Ƴan ƙasa sun ƙware wajen haƙa da tuƙin manyan injuna, makarantar EMAIR ta Agadas kuma ta horar da masu aikin ma'adinai da yawa. Amma ilimin da ke yanke kuɗin ƙarfen, wato tattalin arziki da lissafinsa, bai yaɗu cikin jama'a ba.

Rashin wannan ilimi yana da tsada. A 1978 laba ɗaya ta uraniyom ta wuce dalar Amurka 40 a kasuwar duniya. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka cikin 1979, masu saye suka ja da baya, har kuɗin ya faɗi ƙasa da dala 10 a farkon shekarun 1990. Bashin da ƙasa ta ɗauka lokacin wadata bai ragu tare da shi ba. A 2007 kuɗin ya haura dala 130, ya sake faɗuwa. A watan Maris na 2021 COMINAK ya rufe, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki.

Ba dole sai an zauna a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kafin a fahimci waɗannan abubuwa ba. Wanda ya gama yaƙi da jahilci ya riga ya taka matakin farko. Na biyu shi ne sanin kashi cikin ɗari da kuɗin ruwa mai hawa kan kansa: bashin miliyan 100 da ruwan kashi 10 a shekara yana kusan ninkawa cikin shekara 7. Na uku shi ne aljabara, inda harafi yake tsayawa a madadin adadin da ba a sani ba. Da ita ake gano ton nawa ya kamata a sayar kafin a mayar da kuɗin haƙa. Na huɗu shi ne lissafin saurin canji, wanda ke nuna lokacin da ƙarin ton ɗaya ya daina kawo riba. Na ƙarshe shi ne ƙididdiga.

Sharaɗi ɗaya ne: kada a tsallake mataki, kuma a yi kowane lissafi da alƙalami, domin karatu kaɗai ba ya isa. Awa guda kowane dare, tare da abokai biyu ko uku, ta fi buri marar tsari.

Hukumomi ma suna da nasu aiki: su tanadi littattafai a Arlit da Akokan da Cirozerin, a fassara kalmomin fannin cikin Hausa da Tamajak, a kuma buga alƙaluman ma'adinai a fili. A 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Mallakar rami ba ta cika sai mai shi ya iya duba littafin ciniki da kansa.