Suna Da Kuɗin Kwancen Mota

A shekarar 2002 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da wata motar ƙasaita mai suna Phaeton, don cika burin Ferdinand Piëch, wanda ya shugabanci kamfanin. A wata masana'anta mai bangon gilashi a birnin Dresden aka riƙa ƙera ta. Tushen gininta ɗaya ne da na Bentley Continental, har wasu an sa musu inji mai silinda 12.

To, amma attajiri ba ƙarfe kaɗai yake saye ba. Tambarin da ke goshinta shi ne na Beetle ɗin nan da aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, motar akawu da malamin makaranta. Kasuwa ta ƙi ta. Aka janye ta daga Amurka a 2006, aka daina ƙera ta a 2016.

Masu sayar da kwancenta su suka fi ji a jika. Mai ita yakan tuna abin da ya biya, ya yanka kuɗi bisa wannan. Mai saye kuwa lissafin gyara yake yi, ga shi kuɗin gyaran na motar sarauta ne, alhali kwarjininta bai wuce na Passat ba. Sai mota ta daɗe a hannun dillali, batir ya mutu, taya ta bushe, masu tayi su soma zargin akwai aibun da ake ɓoyewa. Daga bisani a sallama ta ƙasa da tayin farko, wanda aka ce masa albarka.